Riƙo a Lokacin Amfani: Manuni Mai Wayo da Rayuwar Abubuwa a Manhajojin C++, Bisa Yanayin Sadarwa a Gwarzo da Kabo

Tsakure

Wannan maƙala ta duba wani tsohon aibi da ke addabar manhajojin da aka rubuta da harshen C++, wato rushe abu a ma'adanar na'ura alhali wani sashe na manhajar bai gama aiki da shi ba. Ta nuna cewa raunin sabis da ƙarancin ma'adanar wayoyi, kamar yadda ake fama da su a garuruwan Gwarzo da Kabo, suna faɗaɗa tazarar da aibin ke samun kafa a cikinta. Ta bi yadda unique_ptr da shared_ptr da weak_ptr ke aiki, da inda suke karewa, da inda ba su da ta cewa. Matsayin maƙalar shi ne, mallakar abu kaɗai ba ta tsare shi. Wajibi ne duk aikin da ke amfani da abu ya riƙe shi da hannunsa har ya gama.

Gabatarwa



Duk wanda ya bi titin da ya tashi daga Kano, ya wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ya ratsa ƙasar Kabo har ya kai Gwarzo, zai ga masu POS a bakin kowace tasha da kowace kasuwa, wani a ƙarƙashin lema, wani a ƙaramin shago. Sana'ar ta girmi shekarar 2023, amma ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira 200 da 500 da 1000, wanda Babban Bankin Nijeriya ya sanar a watan Oktoba na 2022, shi ya tura har waɗanda ba su taɓa tura kuɗi ta waya ba suka koya ala tilas. Yau mai sayen hatsi a Getso da mai sayar da taki a Garo duk sun san zaman jiran na'ura ta fito da rasit.

Wayoyin da ke hannun jama'a a wannan yanki galibinsu Android ne, Tecno da itel da Infinix na kamfanin Transsion, kuma da yawa daga sababbin na'urorin POS ma Android ne a cikinsu. Gaskiya ne fuskar manhajar da mutum ke taɓawa yawanci da Java ko Kotlin ake rubuta ta, harsunan da ke da mai kwashe shara na kansu, wato tsarin da ke sakin ma'adanar da aka gama aiki da ita. To amma a ƙarƙashinta akwai C da C++ jibge: burawzar Chrome, da WebView da manhajoji ke nuna shafi da shi, da injin Flutter, da sassan tsarin Android masu kula da hoto da sauti da sadarwa tsakanin manhajoji. Ɗalibin da ya koyi C++ a yankin nan, ko ya sani ko bai sani ba, harshen da ke riƙe da wayar mahaifiyarsa yake koyo.

Abin da ya haɗa wannan da batunmu shi ne jira. A ɗakin gwaji mai intanet mai ƙarfi, tsakanin aika buƙata da dawowar amsa bai wuce ƙiftawar ido ba. A ƙauyen da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, tazarar kan kai daƙiƙa talatin ko fiye. Cikin wannan lokaci mai waya zai gaji ya danna baya, ko kira ya shigo, ko ya rufe shafin ya buɗe wani. Duk ɗayan waɗannan na iya rushe abin da ya aika buƙatar. Sai amsa ta iso tana neman wanda ya aike ta, ta tarar babu shi. Ba ina ɗora wa wannan aibi alhakin kowane cinikin da ya maƙale ba ne, domin hanyoyin lalacewar ciniki suna da yawa. Abin da nake cewa shi ne, kuskuren da mai rubuta manhaja zai shekara bai gani a kan teburinsa ba, yanayinmu yana fito da shi a rana ɗaya.

Yadda abu ke rushewa a hannun mai amfani da shi

A C++, idan aka ce new, ana yanko wa abu wuri a rumbun ma'adana, magininsa ya shirya shi, a miƙo adireshin wurin. Wannan adireshi shi ne ɗanyen manuni. Idan aka ce delete, marushin abin zai yi aikinsa, wurin ya koma hannun mai rabon ma'adana. Amma adireshin da aka riga aka kwafa aka ajiye a wurare biyar yana nan yadda yake. Babu wanda ya bi su ya shafe. Sun zama manunai masu reto, kuma bin ɗayansu shi ake kira amfani bayan saki.

Da a ce manhaja na faɗuwa nan take duk lokacin da hakan ta faru, da abin ya zo da sauƙi. Abin da ya fi faruwa ya fi haka muni. Mai rabon ma'adana ba ya share wurin da aka saki, yakan ajiye shi ne ya ba na gaba da ya nemi wuri mai irin wannan girma. Don haka a karo na farko tsohon bayanin yana nan, komai ya tafi lami lafiya, gwaji ya wuce. A wani karon kuma wani abu dabam ya tare a wurin, sai tsohon manuni ya rubuta adadin kuɗi a kan abin da yanzu lambar waya ce. Manhajar ba za ta faɗi a nan ba, sai can gaba, a wani sashe da bai san hawa ba bai san sauka ba, kuma a can mai gyara zai ɓata kwanakinsa yana lalube.

Ɓangaren tsaro ya fi tayar da hankali. Abin da ke da ayyukan da ake zaɓa lokacin gudu yana ɗauke da manuni zuwa teburin waɗannan ayyuka, galibi a farkonsa. Idan maharin da ya shirya shafin intanet ya sa aka saki abin, sannan ya cike gurbin da bayanan da ya tsara, kira na gaba zai bi teburin da shi ya rubuta. A 2019 Matt Miller na kamfanin Microsoft ya bayyana cewa kimanin kashi 70 cikin ɗari na ɓarakar tsaro da kamfanin ke toshewa kowace shekara daga sarrafa ma'adana suke. A 2020 masu kula da Chromium suka nazarci manyan ɓaraka 912 da aka samu tun 2015, suka tarar da kusan wannan kaso, kuma wajen rabin waɗannan amfani bayan saki ne. A Oktoban 2019 Maddie Stone ta ƙungiyar Project Zero ta Google ta bayyana ɓarakar CVE-2019-2215 a Binder, hanyar da manhajojin Android ke magana da juna, kuma an riga an yi amfani da ita wajen kai hari kafin a toshe ta. Ita ma amfani bayan saki ce, duk da cewa a cikin ƙwaryar tsarin take, inda C ake rubutawa.

Asalin dabarar

Ƙidayar masu riƙo, ɗaya daga cikin dabarun da ake magance wannan aibi da su, ba sabuwa ba ce. George Collins ya wallafa ta a 1960, a shekarar da John McCarthy ya bayyana mai kwashe shara na harshen Lisp. Dabarar kamar tabarmar da aka shimfiɗa a zaure ce: kowa ya zo ya zauna, kowa ya gama ya tashi, wanda ya tashi a ƙarshe shi ke naɗe ta, kuma ba a naɗewa da mutum a kai.

Abin da C++ ya ƙara shi ne marushi mai aiki da kansa. Bjarne Stroustrup, wanda ya fara aikin harshen a Bell Labs a 1979, ya gina shi a kan cewa duk abin da aka shimfiɗa a cikin wani aiki, marushinsa zai gudana da zarar an fita daga aikin, ko ta ƙofa aka fita ko kuskure ne ya yi wurgi da mutum waje. Manuni mai wayo ƙaramin abu ne da ya naɗe ɗanyen manuni a cikinsa ya ɗora sakin a kan marushinsa. Ƙa'idar 1998 ta zo da auto_ptr, wanda kwafarsa ke kwashe mallaka a ɓoye ya bar na asali fanko. An yi hani da shi a C++11, aka cire shi a C++17. A ɗakin karatu na Boost ne shared_ptr da weak_ptr suka girma, da aikin Greg Colvin da Beman Dawes da Peter Dimov, kafin su shiga ƙa'idar 2011 tare da unique_ptr.

unique_ptr mai mallaka ɗaya ne tak, ba a kwafarsa, sai dai a miƙa shi. shared_ptr yana da allon ƙidaya a gefe: kowace kwafa ta ƙara ɗaya, kowace rushewa ta rage ɗaya, idan ta kai sifili a rushe abin. weak_ptr kuma yana kallon allon ne kawai, ba ya hana rushewa, amma ana iya tambayarsa ko abin yana nan, ya kuma ba da riƙo na gaske idan yana nan.

Amsar da ta iso a makare

Ga yadda ɗalibi mai ƙoƙari zai rubuta aika ciniki a karon farko:

void Ciniki::aika() {
    sabis.nema(bayani, [this](Amsa a) {
        kammala(a);
    });
}

A ce shafin biya ne ke riƙe da wannan Ciniki da unique_ptr. A ido babu laifi: babu new, babu delete, mallaka a bayyane take. Amma kalmar this da aka cusa wa aikin jiran amsa ɗanyen manuni ce. Mai POS ya ga na'ura tana ta juyi, layi ya taru, ya danna baya don ya sake gwadawa. Shafi ya rushe, unique_ptr ya yi aikinsa daidai ya rushe Ciniki. Bayan daƙiƙa ashirin amsar banki ta iso, aka kira kammala a kan wurin da aka riga aka saki. Manuni mai wayo yana cikin manhajar, bai kuma yi kuskure ba, amma bai hana komai ba, domin mai amfani da abin ba shi ne ke riƙe da shi ba.

Gyara iri biyu ne, kuma zaɓi tsakaninsu shi ne ainihin aikin. Na farko, Ciniki ya gaji enable_shared_from_this, shafi ya riƙe shi da shared_ptr maimakon unique_ptr, a ba aikin jiran amsa riƙo cikakke:

void Ciniki::aika() {
    auto ni = shared_from_this();
    sabis.nema(bayani, [ni](Amsa a) {
        ni->kammala(a);
    });
}

Yanzu ko shafi ya tafi, ƙidaya ba za ta kai sifili ba sai amsa ta iso an gama da ita. Wannan salo ne ya cika misalan Boost.Asio na Christopher Kohlhoff, inda kowace mahaɗa ke riƙe kanta har karatu ko rubutun da ta fara ya kammala.

Na biyu, a ba aikin jiran amsa riƙo rarrauna, ya tambaya idan lokaci ya yi, kamar a wannan misali da aka rubuta a cikin shafi:

auto rauni = weak_from_this();
sabis.nema(bayani, [rauni](Amsa a) {
    if (auto shafi = rauni.lock())
        shafi->nuna(a);
});

Aikin lock abu biyu ne a dunƙule: ya duba ko abin yana raye, ya kuma ƙara ƙidaya, ba tare da wani zare, wato wani layin aiki da ke gudana a lokaci guda, ya samu kutsawa tsakani ba. Wanda ya tambayi expired tukuna sannan ya bi ɗanyen manuni ya buɗe ƙofar da yake son rufewa, don tsakanin tambaya da amfani ana iya rushe abin.

Wanne za a ɗauka? A ganina tambayar da ta dace ita ce: idan mai waya ya juya baya, akwai sauran aikin da dole a ƙarasa? Cinikin da kuɗi suka riga suka motsa a kansa dole ya rayu har a rubuta sakamakonsa, domin haƙƙin mutum ne. Wannan riƙo cikakke yake so. Shafin da aikinsa nuna sakamako ne kawai, idan an rufe shi babu dalilin raya shi. Wannan rarrauna ya ishe shi. Matsalar da na fi gani a ayyukan ɗalibai ita ce haɗa biyun a aji guda, shafi shi ne ciniki, ciniki shi ne shafi. A nan kowane zaɓi asara ne. In an riƙe da ƙarfi, an raya hotuna da maɓallan da babu mai kallo. In an riƙe da rauni, an zubar da amsar banki. Manuni ba zai warware wannan ba sai an raba ajin gida biyu.

Akwai sharaɗin da ake yawan mantawa. Riƙo cikakke yana nan muddin aikin jiran amsa yana nan. Idan sabis ya ɗauke gaba ɗaya, sashen sadarwa kuma bai sa wa buƙata wa'adi ba, Ciniki zai zauna a ma'adana har a kashe manhajar. Duk inda aka rubuta shared_from_this a aikin jira, sai a nemi inda wa'adin yake. Haka kuma ba a kiran shared_from_this a cikin magini, domin a lokacin babu shared_ptr da ya karɓi abin tukuna. Tun daga C++17 yin hakan yana jefo bad_weak_ptr.

Abin da ya rushe kansa yana tsakiyar aiki

Wannan ya fi na farko ɓuya, kuma ba ya buƙatar zare biyu ko jinkirin sabis.

void Ciniki::kammala(Amsa a) {
    for (auto& m : masuSauraro)
        m->anGama(*this);
    rubutaRasit(a);
}

Ciniki yana sanar da masu sauraronsa cewa an gama. Ɗaya daga cikinsu shi ne jerin cinikin da ke jira, kuma abin da ya dace ya yi shi ne ya cire wannan ciniki daga jeri. Idan riƙon da ke cikin jerin shi ne na ƙarshe, ƙidaya ta kai sifili, marushi ya gudana nan take, alhali muna tsakiyar zagayen. Komawa kan masuSauraro taɓa matacce ne, rubutaRasit ma haka. Kowane ɓangare ya yi abin da ya dace a karan kansa, haɗuwarsu ce ta haifi ɓarna.

Maganin layi ɗaya ne a farkon aikin:

auto kariya = shared_from_this();

Wannan riƙo yana zaune a cikin aikin, ba mai iya cire shi daga waje, kuma zai saki da kansa idan aikin ya ƙare. Masu burawza sun daɗe da sanin wannan, domin su kullum suna kiran rubutun JavaScript na shafin da ba su san mai shi ba, kuma rubutun na iya share duk abin da ya ga dama. A WebKit, injin Safari, ana kiran irin wannan riƙo protectedThis. A Gecko na Firefox an daɗe ana sa masa suna kungFuDeathGrip, daga baya suka ƙaro alamar MOZ_CAN_RUN_SCRIPT, wadda ke sa na'urar bincike ta ƙi duk kiran da aka yi ba tare da riƙo mai ƙarfi ba. Darasin da na ɗauka daga gare su shi ne, sun daina dogara da cewa mai rubutu zai tuna. A lura kuma, kariya ta raya Ciniki ne kawai. Idan mai sauraro zai iya cire kansa daga masuSauraro ana tsakiyar zagaye, sai an kwafi jerin kafin a fara.

Ɗan'uwan wannan aibi shi ne miƙa shared_ptr ta hanyar nuni don gudun tsadar kwafa. Idan wanda aka nuna ɗin na wani aji ne ko na manhaja gaba ɗaya, wani kira a can ƙasa na iya sake masa abu, tsohon ya rushe a hannun mai aiki da shi. Jagororin C++ da Stroustrup da Herb Sutter suka fara fitarwa a 2015 sun yi magana a kan wannan a ƙa'ida ta R.37: a ɗauki kwafa ta gida tukuna, sannan a miƙa.

Farashi da iyaka

Kada a fahimci maganata a kan a mayar da komai shared_ptr. Wannan ita ce cutar da ke biyo bayan magani. Inda kowa ke da mallaka, babu wanda ya san ranar da abu zai rushe. A na'ura mai bit 64, shared_ptr yana cin bayit 16, ninkin ɗanyen manuni, ban da allon ƙidaya, kuma kowace ƙari da ragi sai an yi ta yadda zaruruwa ba za su yi karo ba, wanda ke da tsada a cikin zagaye mai yawa. Mafi yawan abubuwa mai su ɗaya ne, unique_ptr ya ishe su, wasu ma ba sa buƙatar rumbu sam.

Sai zobe. Idan Shafi ya riƙe Ciniki, Ciniki ya riƙe Shafi, ƙidayar kowannensu ba za ta sauka ƙasa da ɗaya ba, ma'adana ta yi ta yoyo. Harold McBeth ya nuna wannan rauni tun 1963. Hanyar fita ita ce ɗaya daga cikin biyun ya zama weak_ptr, galibi wanda ke nuni daga ƙasa zuwa sama. Akwai kuma wani abu game da make_shared: yana haɗa abin da allonsa a yanka guda don sauri, saboda haka ko an rushe abin, wurinsa ba ya komawa sai weak_ptr na ƙarshe ya tafi. A kwamfutar ofis ba za a ji ba. A wayar Android Go, tsarin da Google ya fitar a 2017 don wayoyi masu gigabayit ɗaya ko ƙasa da haka, babban abu da ya maƙale ta wannan hanya yana iya zama sanadin da tsarin zai kashe manhajar.

Game da zaruruwa, ƙidayar ce kaɗai aka tsare. Abin da ake nunawa ba a tsare shi ba, haka ma shared_ptr guda da zare biyu ke sauyawa lokaci ɗaya, sai an sa makulli ko an yi amfani da atomic na C++20. Marushi kuma yana gudana ne a zaren da ya saki riƙo na ƙarshe, wanda zai iya zama zaren sadarwa, alhali abin na fuskar manhaja ne da ba a yarda a taɓa shi daga can ba.

Iyakar da ta fi shafar mu ita ce wannan: duk alkawarin manuni mai wayo yana cikin rayuwar manhajar ne. Idan ma'adana ta ƙure, Android yana kashe manhajar da ke baya ɗungurungum, babu marushin da zai gudana. Idan caji ya ƙare, kuma a wurin da wuta ba ta tsayawa wannan ba baƙon abu ba ne, haka zancen yake. Cinikin da ya shafi kuɗi dole a rubuta niyyarsa a faifai, a SQLite ko makamancinsa, da lamba ta musamman, kafin a aika shi, ta yadda idan manhajar ta farfaɗo za ta tambayi banki makomarsa. Wanda ya ɗora wannan nauyi a kan shared_ptr ya ɗora masa abin da ba a gina shi dominsa ba.

Inda manyan ayyuka suka dosa

Chromium yana da miliyoyin layuka da ɗanyen manuni ya cika, ba zai yiwu a sake su duka ba. Sai suka fito da MiraclePtr, wanda ya fara aiki a Chrome 102 a 2022 a kan Windows da Android. Ana maye gurbin ɗanyen manunin da ke cikin aji da raw_ptr, mai rabon ma'adanarsu, PartitionAlloc, yana ƙirga su. Idan an saki abu alhali akwai mai nuni gare shi, ba a ba kowa wurin, ana killace shi a cike shi da bayanin da ba shi da amfani. Ya kamata a gane bambancin: wannan ba ya raya abin, kuskuren yana nan, abin da ya hana shi ne mahari ya tare a gurbin. Android kuwa yana da nasa sp da wp tun da daɗewa, sannan ya karkata sabon rubutu zuwa Rust da Kotlin. Google ya ruwaito cewa kason ɓarakar ma'adana a Android ya sauko daga kashi 76 a 2019 zuwa 24 a 2024. Hukumar tsaro ta NSA a 2022, da Fadar White House a Fabrairun 2024, duk sun yi kira da a koma harsunan da ke tsare ma'adana da kansu.

Wani zai ce to me ya sa za mu ɓata lokacin ɗalibai da C++? Amsata ita ce, tambayar da Rust ke tilasta wa mai rubutu ya amsa, wa ke da abu kuma har yaushe, ita ce dai tambayar wannan maƙala, kuma Rust ma yana da Rc da Arc da Weak, da matsalar zobensu. Tsohon rubutun C++ da ke cikin wayoyinmu kuma zai daɗe yana neman masu gyara.

Abin da ya kamata ya shiga aji

Yankin nan yana da inda za a fara. Akwai kwalejin fasaha ta tarayya a Kabo, wadda aka amince a ɗaga ta zuwa jami'ar kimiyya da fasaha a 2025, akwai reshen Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano a Gwarzo, ga Jami'ar Bayero a kan hanya. Sabuwar makaranta tana da damar da tsohuwa ba ta da ita, domin ba ta gaji tarin tsofaffin takardun darasi ba. Da yawa daga littattafan da ke yawo a hannun ɗalibai har yanzu da new da delete suke buɗe babin manuni, manuni mai wayo kuwa ko dai babu shi, ko yana shafin ƙarshe da zango ke ƙarewa ba a kai ba. Ina ganin a juya tsarin: a fara da abu a cikin aiki da marushinsa, a bi da unique_ptr da make_unique, sannan shared_ptr da weak_ptr, a bar delete sai an zo bayanin abin da ke ƙarƙashi.

Kayan aikin kyauta ne. AddressSanitizer, wanda Konstantin Serebryany da abokan aikinsa a Google suka gabatar a 2012, yana cikin GCC da Clang; ƙara -fsanitize=address kawai ake yi wajen harhaɗawa. Yana killace wurin da aka saki, kuma da zarar an taɓa shi sai ya tsayar da manhajar ya nuna layi uku: inda aka taɓa, inda aka saki, da inda aka fara yanko wurin. Tsohuwar kwamfutar cinya ta isa, ba a buƙatar intanet.

Aikin gwajin da nake ba da shawara shi ne a ba ɗalibai sabis na ƙarya, ɗan aji da ke riƙe buƙata ya mayar da amsa bayan jinkirin da malami ya zaɓa. Su rubuta Ciniki da Shafi yadda suka iya, da jinkiri sifili, su ga komai ya yi daidai. Sannan malami ya mayar da jinkirin daƙiƙa talatin, ya sa a rufe shafi a daƙiƙa ta biyar. Wasu manhajarsu za ta faɗi, wasu za ta fitar da adadin da ba shi ba, wasu kuma za ta wuce kamar babu komai, kuma waɗannan na ƙarshe su za a fara kunna wa AddressSanitizer a gaban aji. Daga nan kowane ɗalibi ya gyara, ya kuma rubuta sakin layi ɗaya yana kare dalilin da ya sa ya ba wane riƙo cikakke ya ba wane rarrauna. Mataki na ƙarshe, a sa sabis ɗin ya ƙi amsawa gaba ɗaya, a duba wa ya sa wa'adi. Sannan a kashe manhajar da ƙarfi tsakanin aikawa da amsa, a sake kunna ta, a ga ko ta san akwai cinikin da ta bari a hanya.